Matar da Ta Kama Mini Kula

Daren Laraba, Kabara

Na idar da shafa'i da wuturi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Yau na kai waina da miyar taushe babban taron gwamnati. A bakin ƙofa wata dattijuwa mai koɗaɗɗen mayafi ta ce, "Sannu Hajiya, kawo in kama miki." Ta riƙe hannu ɗaya na kular abincin, na riƙe ɗaya. Masu gadi ba sa tambayar mai ɗauke da abinci katin gayyata, don haka muka shige tare. Ni na zaci ma'aikaciyar wurin ce, su kuma suka zaci tawa ce.

Ana tsakiyar jawabi na hango ta durƙushe gaban babban baƙo, ta ɗaga wata hula tana cewa, "Ranka ya daɗe, ina aka kai mini ɗana?" Nan take aka yi waje da ita.

Wani jami'in tsaro ya same ni wajen rabon abinci. "Hajiya, in taki ce mu ba ki ita ku tafi gida. In ba taki ba ce, da mu za ta tafi."

Na ce ban san ta ba. Gaskiya na faɗa. Amma ya Ubangiji, tsoronKa ne ya motsa harshena, ko tsoron kada a daina ba ni aikin girki?

Da za a sa ta a mota ta waiwayo ta ce, "Allah ya huta gajiya, Hajiya."

Ni kaɗai na jawo kular zuwa titi. Ba komai a ciki, amma sai da na yi ta hutawa a hanya.