Ganga Ɗaya Muka Samu Bana

Tsibirin Pico, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Belmiro,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Odete da yara, da fatan wasiƙar nan za ta same ku lafiya. Allah ya sa sanyin Toronto bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Maigidana Gualter yana fita kamun kifi in iska ta bari, Goggo Ermelinda kuwa tana nan tana mitarta, ka san ranar da ta daina to ba lafiya. Wasiƙar nan a jaka ɗaya take da kwalba guda, ɗan Kawu zai kawo maka su. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa murfin kwalbar.

Bana gona ba ta yi ba. A watan Agusta iska ta yi kwana biyu tana kwaso ruwan teku tana watsa wa inabin, katangun duwatsun nan da kakanninmu suka jera ba su tare komai ba. Ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. A gonakin bakin ruwa ko kwando goma ba mu cika ba. Mu da muka saba da ganga uku ta farar giya, ɗaya muka samu, ita ma ba ta kai baki ba.

Ba sai na tuna maka dokar gidanmu ba, kai da ka taɓa shan mari a kanta. Daga ranar da aka zuba ruwan inabi a ganga har ranar bikin Waliyyi Martinho, sha ɗaya ga Nuwamba, babu harshen da ke taɓa ta sai na Baba, makullin ɗakin giyar kuma yana aljihunsa. Kullum da safe ya shiga shi kaɗai, ya shinshina, ya kurɓa, ya fito yana goge baki. Abin da ban sani ba, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi a watan Afrilu, hanci da harshe sun tafi sun bar shi. Wata bakwai yana ɓoyewa. Ni kuwa sakarya ina kallonsa yana ɗura gishiri a romon kifi yana cewa girkina ya lalace tun da Mama ta rasu, ina ta yi masa fushi, har na taɓa ce masa in bai ci ba ya bari. Wannan maganar tana cina har yau.

Laifina bai tsaya nan ba. A tsakiyar Oktoba Gualter ya wuce ta ƙofar ɗakin, ya dawo ya ce mini yana jin tsami-tsami, gangar da ba ta cika ba iska ce ke shiga ta cinye ta, a yi wa Baba magana a juye a ƙarama tun da wuri. Na hau shi da faɗa. Na ce shi da hancinsa ya toshe da ƙarnin kifi me ya sani, suruki ne zai koya wa Baba aikin da ya yi shekara hamsin yana yi? Bawan Allah ya juya ya tafi harkarsa. Da na saurare shi da an ceci giyar.

Ranar buɗewa kowa ya zo kamar kullum. Na yi gurasar masara, an yanka cuku, an gasa kifi a ƙofar ɗakin. Baba ya sa farar rigarsa, ya tsiyayo kofin farko, ya ɗaga shi a rana, ya sha, ya lumshe ido ya ce kaɗan ce amma an daɗe ba a yi irinta ba. Sai ya bi kowa yana zubawa da hannunsa. Yaya, tun kafin kofin ya kai bakina idona ya kawo ruwa. Ruwan tsami ne zalla, irin wanda ake zuba wa albasa. Mutum goma sha huɗu muna tsaye, kowa ya haɗiye, babu wanda ya kalli wani. Goggo da ba ta raga wa kowa ta ce a ƙara mata.

Tsohon maƙwabcinmu Serafim ne ya ɓata komai, kuma da kyakkyawar niyya. Ka san shi da Baba. Kowace shekara sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce a taimaka masa da kwalba biyu zai wanke ƙafa, Baba ya ce ai giyar gidan Serafim da ita ake kankare fentin jirgi, a yi ta dariya, sannan su zauna su shanye tulu guda tare. Bana Serafim ya sha, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya dafa kafaɗar Baba ya ce madalla, ta yi kyau ƙwarai. Baba ya tsaya da tulu a hannu yana kallonsa. Na ga lokacin da fuskarsa ta sauya. Ya ajiye tulun ya zauna, bai ƙara cin ko loma ɗaya ba.

Washegari ina shanya ya zo ya tsaya bayana, ya ce in gaya masa tsakanina da Allah yaya giyar take. Na ce ta yi daɗi. Ban ma juyo ba, don ban iya kallonsa. Ya tambayi Gualter, Gualter ya ce shi bai san giya ba. Tun daga ranar ba ya zuwa dandali, ba ya amsa sallamar Serafim, sai ya zauna kan katanga yana kallon teku. Ya rame, wandonsa ma sai da ya ƙara wa ɗamara huji. Shekaranjiya ya wanke kwalba da kansa, ya cika, ya toshe, ya miƙo mini ya ce: "Duk tsibirin nan tausayina ake ji. A kai wa Belmiro, shi bai taɓa raga mini ba."

Na san rabonku da doguwar magana tun ranar da ka ce masa gonar duwatsu ba za ta riƙe ka ba, ka hau jirgi. To ga shi kai ya zaɓa. Da na zauna rubutun nan niyyata in roƙe ka ka kira shi ka yabi giyar, mu taru mu rufa masa asiri. Na yaga takarda biyu a kan haka. Amma ƙaryar da na yi masa ba ta sa ya ci abinci ba. In kai ma ka yaba, ba shi da sauran wanda zai yarda da shi a duniya, kuma baɗi zai sake kulle ɗakin shi kaɗai mu sake yin asara. In ka faɗi gaskiya, ka raba shi da makullin da ubansa ya damƙa masa, ni kuma ban san me zai tashe shi daga gado da safe ba. Duk da haka gaskiyar nake roƙonka, don ni na kasa. Ka kira ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ina gida a lokacin. Ka yi masa a hankali, kada ka ɗaga murya yadda kuka saba.

Ka gaishe mini da Odete, ka ce na ga hotunan, Lídia ta zama budurwa, Tomé kuma ya ɗauko goshin Mama. Gualter yana gaishe ka, Goggo ma haka. Baba bai ba da gaisuwa ba. Ya dai leƙo yanzu ina rubutu ya ce in gaya maka kada ka sa kwalbar a firiji, sanyi yana ɓoye aibin giya.

Ƙanwarka da ke kewarka,
Deolinda