Birkin Hagu Kaɗai Ke Kamawa

Balaraba,

In kin dawo daga suna kika iske murhun bandar kifinki a rushe, kada ki tuhumi awakin maƙwabta. Ni ne.

Da safe na kwance birkin 'yar taraktar nan, tunda na rantse ba zan kira makaniki ba. Na hagu na sa sabo, ya zauna daram. Na dama bai dace ba, sai na mai da tsohon, na ce bari in gwada a tsakar gida. Ina takawa, hagu ya kama, dama ya ƙi, ta juya da ni sai cikin murhu. Inna ta leƙo ta ce, "Sannu Injiniya, saura ɗakina."

Na san wuyar da kika sha wajen gina shi. Ki yi haƙuri, ni zan kwaɓa laka. Kifin na tsince, yana wurin Inna.

Na tahi Yelwa neman birkin dama. Ƙanena Ɗangana zai zo ɗaukar taraktar, wai zai kwaso shinkafa daga bakin ruwa. Don Allah ki hana shi, ya fi jin maganarki a kan ta yayansa. Hanyar can gangare ce, kuma ruwan Kainji ne kawai a gabansa.

Mai gidanki