Iyaka Uku a Ƙarƙashin Tandar Asabe

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
12 ga Yuni, 1999

Yaya Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya ƙafar taki, yaya Deborah da jikoki, yaya kuma ruwan Kafancan?

Kin tambaya me nake yi da kaina tun da na ajiye aikin safiyo, wai kin ji ana ganina a jeji da basfa kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Bari in faɗa miki da bakina kafin a ƙara gishiri. Wuraren da iyakokin ƙananan hukumomi uku suka haɗu nake nema. In duba taswira, in hau basfa, in je in tsaya a kan wurin, in dawo gida. Ba wanda ya aike ni. Ɗaya na same shi a tsakiyar gonar dawa, mai gonar ya rantse man fetur nake nema, har ya kawo mini fura don kada in manta da shi. Wani a cikin kududdufi yake, sai da na naɗe wando. Ba a ganin komai a wurin, Yaya, amma in na tsaya sai in ji daɗin da ban san yadda zan kwatanta miki ba.

Na ƙarshen shi ya fi ba ni mamaki, don a ƙarƙashin hancina yake. Can bayan titin Gidan Zu, inda Tarauni ta haɗu da maƙwabtanta biyu, na yi awo na sake yi, sai ga shi ya faɗa daidai kan murhun wata mai waina, Asabe. Bazawara ce, da tandar nan take riƙe marayun ɗanta. Da na yi mata bayani ta yi dariya ta ce, "Ashe shi ya sa! Malam, tun zamanin soja ake korar masu rumfa a layin nan, ni kuwa duk wanda ya zo sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce nan ba ɓangarensu ba ne."

Tunda yanzu farar hula suka hau, akwai masu jin magana a ofis. Na rubuta wa hukumomin uku, na ba su shawarar a kafa ɗan ginshiƙi a wurin, yaran makaranta su riƙa zuwa gani.

Ki gaida kowa da kowa. Ni ne ƙanenki,
Habila

Kafancan
27 ga Yuni, 1999

Habila,

Na gaishe ka da kyau. Ƙafa da sauƙi, sai dai in hadari ya haɗu.

Na karanta wa Deborah wasiƙarka, mun yi dariya har da hawaye a kan wandon da ka naɗe. Amma ni ma abin ya shiga raina. In mutum ya tsaya a wurin, a wace hukumar yake? In akuya ta haihu a kai fa, 'ya'yan na ina ne? Jiya na kama kaina ina kallon bakin gonarmu ina tunanin ko akwai irinsa a nan. Ka gani, ka shafa mini ciwonka.

Sai dai ƙarshen wasiƙar bai ba ni dariya ba. Kai fa tun kana yaro in ka tsinci ƙwan zabo sai ka kai wa hedimasta rahoto. Ni da na tsufa a bakin kasuwa na san abin da ke riƙe da rumfa irin ta Asabe: rashin sanin mai ita. Matar nan ta gaya maka da bakinta abin da ya rufa mata asiri, kai kuma ka ɗauka ka sa a ambulan har uku. Ka tambaye ta kafin ka rubuta? Na san ba ka tambaya ba.

Allah ya sa takardun su ɓace a ofis yadda na fanshonka suke ɓacewa.

Yayarka,
Rahila

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
18 ga Yuli, 1999

Yaya Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Addu'arki ta ci biyu, ta bar ɗaya. Takarda guda ta faɗa hannun wani sabon kansila na ɗaya daga cikin hukumomi biyun da ke maƙwabtaka da Tarauni, matashi mai zafin nama da ke neman aikin da zai yanke wa ƙyalle. Ya zo gidana da kansa, yana ta kirana Baba Injiniya. Ba ɗan ginshiƙi yake so ba. Hasumiya yake so, da furanni, da shinge, da sunansa a jikin allo. Kafin in rufe baki an shafa jan fenti a rumfar Asabe, alamar za a rushe ta.

Na je wurinta da kunya kamar ta kashe ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Tana juya waina ta ce, "Malam Habila, ni ban san takarda ba. In an tashe ni daga nan, layin can masu shi sun cika, na bayan kuma ba mai wucewa. Ka gaya mini inda zan kai yaran nan." Na tsaya ina kallon murhun, kuma ki yafe mini, ko a lokacin sai da wani ɓangare na zuciyata ya ce lallai awon nan ya yi kyau.

Ga inda aka tsaya. Kansilan ba zai iya ginawa ba sai an tabbatar da wurin a gaban wakilan hukumomin uku. Asabar ta ƙarshen wata za a taru, ni zan kafa turke. Sun ɗauko Mu'azu ya duba bayana. Kin tuna shi, yaron da na koya wa aiki a ma'aikata, yanzu babban safiyo ne. Shi ne na taɓa mayarwa cikin rana daga Kano har ƙauye saboda ya gusar da turke taki guda don ya kauce wa ƙaya. A gaban leburori na ce masa wanda ya matsar da turke ɓarawo ne ko bai ɗauki komai ba.

Na sake bin taswirar ko zan sami kuskure. Babu. Na je wurin kansilan na roƙe shi ya janye, ya ce ai an riga an gaya wa 'yan jarida. Duk tsawon aikina an kawo mini raguna, an kawo mini barazana, ban taɓa gusar da turke ba. Abin da na fita da shi daga aikin gwamnati ke nan, ba gida ba mota. Yaya, me zan yi?

Naki cikin damuwa,
Habila

Kafancan
24 ga Yuli, 1999

Habila ƙanena,

Na gaishe ka. Na ba direban motar Kano wannan don ta riga Asabar isa.

Ba zan ce maka ka yi ƙarya ba, ina shugabar zumuntar mata, da wane baki? Ba kuma zan ce ka tashi marayu ba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance.

Tambaya dai nake da ita, tunda ka mai da ni ɗalibarka. Layin nan da kake bi, wa ya taɓa ganinsa a ƙasa? Lokacin da muka zo ganinka a Kano kana saurayi, ba wani abu wai shi ƙaramar hukumar Tarauni. Wasu ne suka zauna a ofis suka ja shi da biro, gobe wasu za su sake ja. Yaran Asabe kuwa na tabbata ana ganinsu, har a taɓa su.

Na san abin da sunanka yake a wurinka, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda na taɓa gaya maka. Duk abin da ka yi, ka rubuto mini da gaskiya. Ina yi maka addu'a.

Yayarka,
Rahila

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
1 ga Agusta, 1999

Yaya Rahila,

Ina gaisuwa.

Jiya aka taru. Na yi awo a gaban kowa, na wuce murhun Asabe ban kalle ta ba, na tafi har bayan layin, na kafa turken a tsakiyar babbar kwatar da ke can. Na ce kuskure na yi da fari. Kansilan ya leƙa, ya toshe hanci da hularsa, ya ce a ganinsa kwatar nan ta fi karkata ɓangaren maƙwabta. Wakilan maƙwabta suka ce sam. Ana cikin musu kowa ya nemi motarsa. Rumfa tana nan.

Amma kafin su watse sai da aka ce Mu'azu ya duba. Ya sa ido a na'ura ya daɗe. Ya dubi murhun, ya dubi kwatar, sannan ya dube ni. Na ga ya gani, Yaya. Na tsaya ina jira ya maimaita mini maganar da na gaya masa a gaban leburori, kuma da ya yi, da ban ga laifinsa ba.

Sai ya naɗe igiyar awonsa ya ce, "Daidai ne. Maigida ba ya kuskure sau biyu."

Da zai tafi ya rusuna ya gaishe ni kamar kullum, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Asabe ta tsira, na gode wa Allah. Ni dai tun jiya nake tunanin wanne daga cikin darussan nan biyu yaron zai riƙe.

Ƙanenki,
Habila