Ɗingishin da Na Ara

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina har na gaji.

Ni wakilin wata jarida ne a ƙasar Haɗeja. Bara aka tura mu kwas Kaduna, mu 'yan karkara da ake so a mayar 'yan jarida. Wani lauya ya yi ta tsorata mu da dokar ɓata suna, wani tsohon edita kuma ya yi ta nanata mana abu ɗaya: wanda ya ba ka labari a asirce, ko gaban soja aka kai ka kada ka faɗi sunansa, in ta kama ma ka sauya masa kama. Na dawo gida ina hura hanci, ina jin na gama sanin aiki.

To, a wajenmu in ruwa ya janye akwai tafkunan da sarkin ruwa ke rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, wato ranar da kowa ke shiga kamun kifi tare. Bana kogi bai cika ba, don haka tafkin wani ƙauye ta wajen Baturiya shi ne abincin garin gaba ɗaya. Ranar kasuwa wata bazawara mai bandar kifi ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, yaran dagaci sun ja taru a tafkin da aka rufe, ni suka kawo wa kifin na banda. Amma ka rufa min asiri, marayu gare ni. In aka tashe ni daga bakin ruwan nan, ina zan dosa?" Na rantse mata. Na bincika, na tarar gaskiya ne.

Da na zauna rubutu sai na tuna darasin sauya kama. Mace ce, sai na mayar da ita namiji, na rubuta cewa wani dattijon masunci mai ɗingishi ne ya shaida mana. Me ya kai ni ga ɗingishi? Wallahi neman armashi ne kawai, a ce wakilin Haɗeja ya iya alƙalami. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina rubutawa fuskar wani Baba ce a idona, wanda ke ƙetarar da ni a kwale-kwalensa duk sanda na je. Na ce a raina, a birni za a buga, wa ya san shi? Na manta a ƙauye ba a karanta jarida a ɗaki. Malamin firamare ne ke karanta ta da ƙarfi a gindin tsamiya, kowa yana ji. An ce bai kai ƙarshen layin ba aka waiwaya ana duban Baba, don shi kaɗai ne mai ɗingishi a masuntan garin.

Labarin ya yi aiki, an daina jan taru. Amma ranar su aka hana Baba shiga ruwa, aka kife masa kwale-kwale a kan tudu, har yau yana nan a kife. Mutanen da aka ceto wa tafki su ma kauce masa suke yi, don tsoron dagaci. Mutum mai iyali, ba gona ba sana'a sai ruwa, ya zai yi?

Na hau mota na je wajen editanmu na faɗa masa komai. Ya ce, "Malam, in muka buga cewa mai ɗingishin nan ƙirƙirarsa ka yi, lauyan dagaci zai ce duk labarin ƙirƙira ne. Kotu za ta ce kawo wanda ya gaya maka. Za ka kawo ta?" Na tashi na fito. Na dawo gida, ko alƙalami ba na son gani.

Abin da ya fi cin raina shi ne Baba bai zarge ni ba. Tun daga ƙauye yake takowa Haɗeja, ya zauna a zaurenmu yana matsa gwiwa, ya ce, "Ɗana, ba fushi na zo yi ba. Na san kai ba za ka ƙaga min ba, can wajen masu bugawa aka yi kuskure. Ka gaya musu su gyara. Ni ban ga taru ba, lokacin ma ina kwance." Ni kuma, don rashin kunya, sai in ce, "To Baba, ana dubawa." In ba shi ruwa, in raka shi bakin hanya.

In na wanke shi, na jefa mai marayu cikin masifa. In na yi shiru, na bar dattijo a tudu da laifin da ni na ɗinka masa. Jama'a, ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai sake takowa ya ji ko an gyara, kuma bakina ya gaji da cewa ana dubawa. Me zan yi?