Shanun Huɗa Ma Sai Da Inshora?

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Lasin Motoci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ranka ya daɗe kana lafiya da iyali, ni ne Sale direba, mutumin Damari ta ƙasar Sabuwa. Ban zauna aji ba, a jikin allunan hanya na koyi boko. Amma ina karatu, kuma na karanta takardarku ta dakatar da lambar motata har ta yi laushi a aljihu, ban gane ba.

1. A-kori-kurar kawuna, Alhaji Mamman, nake ja. Da damina hanyarmu ko jaki sai ya yi shawara, don haka muke ɗora mota kan duwatsu, mu rufe ta da zana sai kaka. Kawu ya ce mota a tsaye ba ta shan mai, to ba ta shan inshora, watannin suna nan a ajiye. Wallahi ni ma haka na ɗauka. Ashe takardar inshorar ta mutu tun gero bai fid da kai ba.

2. Fitata ta farko, na ɗauko dawa zuwa kasuwar Kankara, aka tsayar da ni a Faskari. Aka ce an dakatar da lambata, in mayar da mota gida, kada tayarta ta ƙara taɓa titi. Na mayar.

3. Daga nan kaina ya kulle. Akawunku ya ce in kawo sabuwar inshora a sakar mani lamba. Wakilin inshora ya ce ba ya sabuntawa sai da shaidar mai duba lafiyar mota. Mai dubawa ya ce in kawo motar harabarku. Na ce an hana ni tuƙa ta, ya ce to in je a sakar mani lamba. Wurin wa? Wurin akawun nan dai! Ranka ya daɗe, cikin su ukun wa zan fara gani? Ko a kai ake so in ɗauko ta?

4. Yanzu da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa sabuwar mota yake fitarwa, tamu kaji ke ƙwai a ƙarƙashinta. Kawu ya rantse in aka buɗe kasuwar auduga tana zaune, zai sayar da ita. Na daɗe ina karen mota, ina kwana kan buhuna, kafin a miƙa mani makulli. Ba na so in koma.

Roƙona, a ba ni izinin tuƙi na yini ɗaya. In ba ya yiwuwa, a turo mai dubawa Damari, mu ba shi fura. Kuma a riƙa faɗa wa mutanen ƙauye cewa inshora ba ta hutun damina.

In ban ji amsa ba, na riga na yi magana da Baba Tanko, maƙwabcinmu, zai ara mani shanun huɗarsa biyu. Za su jawo ta har ƙofar ofishinku, inji a kashe, ina zaune a kan sitiyari. Abu ɗaya nake so a sanar da ni kafin mu taso, kada a sake tsayar da mu a Faskari: su ma shanun sai da inshora?

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka da iyalinka, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.
Sale direba, Damari.