Tsohuwa da Finafinanta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki. Yaya ƙafar Inna? 'Yata fa, tana cin abinci kuwa?

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Har yanzu ina gidan tsohuwar da nake jinya. Kullum da la'asar nakan zaunar da ita gaban talabijin, akwai tashar da ke saka finafinan dā marasa kala, maza da malafa, mata da dogayen riguna. Sunan ɗanta ya ɓace mata, amma maganganun 'yan wasan duk ta haddace. In wani ya tafi ya bar masoyiyarsa a fim, takan riƙe hannuna ta ce, "Bar kuka, zai dawo mata. Kullum suna dawowa." Sai in ce, "Haka ne, Kaka."

Jiya ɗan nata ya shigo ana tsakiyar fim, ya rage sauti. Ya ce ƙarshen wata zai kai ta gidan tsofaffi, ni kuma in nemi wurin zama. Takardun izinin zamana a ƙasar nan sun ƙare tun bara, Yaya, ɓoye muku na yi. Babu mai ɗaukata aiki haka, in na dawo gida kuma da me zan riƙe ku? Ita tsohuwar ba ta gane komai ba, cewa kawai take a ƙara sauti.

Don Allah kada Inna ta ji. 'Yata kuma ki daina ce mata wai bana zan dawo gida. Ki aiko min hotonta tana tsaye, in ga tsawonta.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki