Kunnen da injin niƙa ya cinye

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya Kano? Yaya Rabi da yara? Mu nan Matamaye lafiya, sai godiya.

Hadizata ta zo hutu daga jami'a da darasin sauraron Ingilishi a salularta: Bature ya yi magana, ita ta faɗi abin da ta ji. Ta ce, "Baba, kai da ka ci rani a Najeriya, zo ka taimake ni." Na gyara hula, ni shehin malamin aji uku. Ta kara mini salular a kunne. Shiru. Na ce, "Baturen nan kunya gare shi, ƙara murya." Ta ce, "Baba, ai ta ƙure. Inna ma tana ji daga madafa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da na je asibiti, likita ya ce injin niƙan nan namu ya cinye kunnen hagu, na dama ma yana biye. Yarinya za ta iya Ingilishi, ubanta ba zai ji ba.

Kai ma da kake aikin inji, ka riƙa toshe kunnenka da auduga, Sani. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Malam Idi. In za ka ba ni amsa, ka rubuto, kada ka kira.

Yayanka,
Habu